Sabo Mai Arabiya a Bakin Tekun Shu'aiba

Sunansa Sabo, mutanen unguwar Misfala kuwa suna ce masa Sabo Mai Arabiya, saboda keken guragu da yake turawa, wanda a nan Makka arabiya ake kiransa. Mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, an haife shi a bakin kogin Kwara. Ya ce kafin ya iya tafiya sosai ya riga ya iya zama a cikin kwalekwale. Ya zo aikin Hajji a shekarar 1982, wata takwas bayan rasuwar matarsa, bai kuwa koma ba. In an tambaye shi dalili, amsa ɗaya yake bayarwa da Hausarsa ta yamma: "Mutuwa niz zo yi Makka, ita ce ba ta da sauri."

Ba wasa yake yi ba. A ɗakinsa, wani ɗan ƙuƙumin ɗaki a bayan gidan burodi, akwai jaka baƙa rataye a ƙusa. A cikinta akwai likkafaninsa, farin alawayyo da ya wanke da ruwan Zamzam ya shanya a kan soro tun shekarar da ya zo. Duk farkon Muharram sai ya sauke jakar, ya warware yadin ya duba ko asu ya taɓa, ya ninke ya mayar. Burinsa a duniya shi ne a sallace shi a Harami, a binne shi a ƙasar Makka. Kuma da yake ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ya san cewa duk ranar da ya fita garin ba lalle ne a bar shi ya koma ba. Saboda haka shekara arba'in da uku bai wuce Arfa ba, inda yakan je aiki lokacin Hajji. Jidda ma labarinta yake ji.

Ni na riga shi zuwa da shekara uku. Na zo na yi aikin akawu a ofishin wani mutawwifi, irin masu kula da masaukin alhazai, kuma takarduna a cike suke tun farko. Mun saba ne saboda duk alhajin da ƙafa ta gaza masa, Sabo nake aika wa. Ba ya gudu da tsoho, ba ya kuma bari gwiwar mutum ta bugi gini. Wata rana na zauna da fensir na yi masa lissafi. Safa da Marwa sau bakwai kilomita uku ne da ɗan wani abu. In ya yi sau huɗu a rana, kwana ɗari uku a shekara, shekara arba'in, ya taka kilomita dubu ɗari da arba'in da huɗu. Na ce masa, "Sabo, ka zagaye duniya sau uku da rabi."

Ya ce, "To, mi nig gani cikin duniyar? Ƙeyar alhazai."

Haka tafiyarsa ta kasance. Ko ba keke a gabansa, yakan ɗan duƙa, hannuwansa biyu a gaba kamar yana riƙe da wani abu.

Ni kuwa tafiyata iri dabam ce, kuma dole in faɗi inda na samo ta, don daga nan ɓarnar ta fito. Ina yaro ubana ya sa ni makarantar mishan a ƙasar Zazzau, don ita ce kurkusa. Akwai wata Baturiya da muke ce wa Mis. Duk ranar Asabar da safe takan jera mu mu fita daji da ƙafa, kowa da ɗan littafi. Dokarta ita ce a fara rubuta kwanan wata a saman shafi, sannan ƙarfe nawa aka tashi, ina iska ta fito, wane tsuntsu aka gani, wace bishiya ta yi fure. Na bar makarantar da addinina yadda na shiga da shi, amma wannan ɗabi'a ta bi ni. Har na tsufa, watan Turawa nake rubutawa a saman shafi. Na san Ramadan, na san Zulhajji, kamar kowa. Amma in na ɗauki alƙalami, Afrilu da Mayu ne suke zuwa hannuna.

Bayan na ajiye aiki, 'yata Maryama ta auri Bandar, ɗan Hausawan nan da kakanninsu suka zo da ƙafa, haifaffen unguwar Zahir, ɗan ƙasa. Su ne suka fara kai ni Shu'aiba, gaɓar teku da ke yamma da kudancin Makka, tafiyar awa ɗaya da ɗan kai a mota. Akwai wani ɗan ƙauye can na gidajen hutu da ake haya, waɗanda ake ce wa shale. Su sukan zauna a gasa kifi, yara su shiga ruwa. Ni kuwa da an sallame sallar asuba sai in ɗauki sanda da littafina. Na fitar wa kaina hanya: in bi bakin ruwa zuwa arewa har wurin wasu itatuwa da suke tsirowa a cikin ruwan gishiri, in juya gabas in shiga rairayi har wata tsohuwar rijiya, in dawo ta bayan gidajen. Kilomita biyar da rabi.

In na dawo Makka, Sabo nake ba labari, a kan benci a ƙofar mai shayin Misfala. Sauran abokai sun gaji da ji, shi bai taɓa gajiya ba.

"Akwai zalɓe?"

"Akwai, har da wasu jajaye masu dogon wuya, da ƙafa ɗaya suke tsayuwa."

"Masuntan hwa, da mi suka kamu? Taru ko birgi?"

Wannan ban sani ba, don ban taɓa rubutawa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Malam Nasrullahi, kai ka tai bakin ruwa ka ƙirga tsuntsaye, ka baro mutane."

Na yi ta jin daɗin samun mai saurare. Ba zan ɓoye ba, wannan daɗin ne ya sa na fara cewa ya kamata ya gani da idonsa. Da farko dariya yake yi. Na dage. Na ce masa a shingen binciken da ke kan hanyar dawowa hannu kawai ake ɗaga wa motar Bandar. Wata rana a cikin watan ƙaramar salla na kawo littattafaina shida na shimfiɗa a kan bencin.

Sabo ya ce, "Malam, Shawwal hwa ya yi nisa. Ka san in Hajji ya matso rufe hanya aka yi."

Na buɗe masa shafi bayan shafi. Na ce, "Duba nan. Satin ƙarshe na Afrilu, bara, mun wuce ba a tsayar da mu ba. Bariya ma haka. Shekara shida a jere, satin ƙarshe na Afrilu, ko gilashi ba mu sauke ba."

Sabo bai iya karatun boko ba. Ya dubi rubutun, layi a miƙe, lamba a ƙarƙashin lamba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, tunda a rubuce shike."

Ni da na iya lissafin zagayen duniya, ban tsaya na yi lissafin da kowace tsohuwa a Misfala ta sani ba: Hajji yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Afrilun bara tsakiyar Shawwal ne. Afrilun bana ƙarshensa ne. Sabo ya faɗa mini gaskiya da bakinsa, na rufe ta da littafi.

Bandar ma ya tambaya. Da na ce masa za mu tafi da Sabo, ya ce da Hausarsa mai haɗe da Larabci, "Ya ammi, aurakinsa fa? Takardu tamam?"

Na ce, "Kada ka damu." Ya ɗauka ina nufin an gyara. Ban gyara masa fahimta ba.

Mun tashi ranar Alhamis bayan la'asar, Bandar yana tuƙi, Maryama a gefensa, ni da Sabo a baya. Ya sa farar riga wadda ban taɓa ganin ya sa ba sai ranar Idi. Ina ta nuna masa duwatsu ina faɗa masa sunayensu. Akwai wani wuri da ya daina amsa mini, ya juya yana kallon ɗaya hannun titin, na masu shiga gari, har muka wuce. Na ɗauka gajiyar mota ce.

Washegari Juma'a muka fita ƙarfe biyar da minti arba'in. Iska daga arewa take, ba ƙarfi. Ruwan kwance yake kamar an goge shi, launinsa tsakanin toka da shuɗi. Sabo ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ya shiga har idon sawu, ya ɗebo da tafin hannu ya kai baki, ya tofar.

"A'uzu billahi! Duk girman wanga ruwa, ba shi shayuwa?"

"Ai na faɗa maka."

"Ka hwaɗa, amma ban yarda ba."

Muka kama hanya. Ƙananan ƙaguwa suna gudu gabanmu suna faɗawa ramuka. Ba mu yi nisa ba sai na ga ya rage sauri, ya karkata kafaɗa kamar zai juya. Ya tsaya, ya dubi gaba, ya dubi baya, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Malam, ƙahwata ta iso Marwa! Nan ba a juyawa?"

Na ce ba a juyawa sai mun ga dama. Ya maimaita maganar a hankali, sai mun ga dama. Daga nan na lura hannuwansa sun fara sauka. Kafin mu kai itatuwan cikin ruwa suna lilo a gefensa kamar na kowa.

A wurin itatuwan muka tarar da raƙuma uku tsaye cikin ruwa suna cin ganye, ga kuma jajayen tsuntsayen nan, goma sha bakwai na ƙirga. Sabo bai kalle su ba. Idonsa yana kan wani masunci, Bayamane, da yake tsaye a ruwa iya gwiwa yana jefa birgi, wato ragar jifa. Ya jefa sau biyu, ragar tana faɗawa a dunƙule. Sabo ya yi tsaki, ya naɗe farar rigarsa ta Idi, ya shiga.

"Ya akhi, hat, kawo nan."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya miƙa masa. Sabo ya ɗaura igiyar a wuyan hannu, ya tattara ragar kashi-kashi, ya ciji gefe ɗaya da haƙori, ya murɗa ƙugu ya sake ta. Ta buɗe a sama da'ira cikakkiya, kamar faifai, ta sauka a kan ruwan ba ƙara. Shekara arba'in da uku rabonsa da ita. Da ya jawo, kifi biyar ne a ciki, ƙanana masu azurfa. Bayamanen ya yi ta cewa masha Allah, ya mu'allim. Sabo ya fito yana haki, rigarsa sharkaf, yana share fuska. Ya ce gishiri ne ya shiga idonsa.

Muka juya gabas cikin rairayi. Nan ma ya fi ni gani. Abin da na shekara shida ina rubutawa "wani tsiro mai faɗin ganye", ya taɓa shi da ƙafa ya ce, "Tumfafiya ce, Malam, har nan ta biyo mu." Ya nuna mini sawun kurege, da inda akuya ta kwana. A bakin tsohuwar rijiyar muka zauna muka ci dabino. Ya ce mini a Yawuri matarsa ce take karɓar kifi in ya fito, ba ta taɓa ce masa ya kamo da yawa ba, kullum sai ta ce, "Iyakarsu ke nan?" Ban taɓa jin ya ambace ta ba sai ranar. Mun koma masauki ƙarfe takwas da kwata.

Bayan la'asar muka kamo hanyar Makka. Da sauran kamar kilomita biyu mu kai shingen, muka iske layin motoci. Daga nesa ana hango rumfuna da jami'ai suna leƙa kowace mota, suna karɓar katin kowa. Bandar ya ce, "Ah, sun fara taftishin Hajji. Kowa ya fito da nasa." Ya miƙo hannu baya.

Katina kaɗai na sa masa a hannu. Ya dube ni ta madubi, na sunkuyar da kai.

Maryama ta ce, "Baba?"

Sabo ne ya amsa. Ya ce, "Ɗana Bandar, ga gidan mai can, tsaya in sauka. In an same ni cikin motarka, kai za a kama da laifi, kana da iyali."

Na fara cewa ko mu gwada, ko a roƙe su, ko a bi wata hanya. Ya ɗora hannu a gwiwata. "Malam, khalas. Na gani tun jiya da muka hita, suna kafa rumfunan. Mun riga mun wuce, mi zan ce? Nic ce bari dai in ga ruwan tukuna."

Bandar bai bar shi a gidan mai ba. Ya juya motar muka koma Shu'aiba. Mai gadin gidajen hutun, Issoufou, mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar. Ya ji bayani, ya ce ɗakinsa ya ishi mutum biyu, tsoho ya zauna har a gama Hajji a buɗe hanya. Kwana arba'in da wani abu ne. A hanyar dawowa Bandar bai ce mini uffan ba, kuma shi yaro ne mai ladabi. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Na koma wurin Sabo Juma'a huɗu a jere, don ni katina na Makka ne, ina fita ina shiga. Na kai masa maganin hawan jininsa da goro. Kullum sai mun yi tafiyar nan, ko da yake zafi yana ƙaruwa har muka riƙa yanke ta a wurin itatuwan. Ya yi baƙi, ya rame kaɗan. Masuntan sun san shi, yana gyara musu raga a inuwar wani jirgi da aka kife. Issoufou ya ce sun ƙoshi da kifi har sun fara marmarin wake.

Amma duk sallar da za mu yi, in ya fuskanci alƙibla, sai ya ɗan daɗe a tsaye kafin ya yi kabbara. A can alƙibla gabas take, ta bayan rairayi da duwatsu. Mutumin da ya shekara arba'in yana ganin Ka'aba da idonsa, yanzu sai ya tambayi Issoufou saiti.

A Juma'a ta uku na ce masa ya yafe mini. Muna tsaye a bakin ruwa.

Ya ce, "Wa ya ɗauke ni ya sa mota? Da ƙahwata nish shiga."

"Ni na nuna maka littafi."

"Ka nuna. Ni kuma na so in yarda." Sannan ya ce, "Yau nawa ga wata, a littafin naka?"

"Sha shida ga Mayu."

"A'a, na mutane."

Sai da na yi tunani. Ya ce, "Sha takwas ga Zulƙida. Ka gani? Kai sai an yi maka bulala." Ya yi dariya. Da muka juyo kuma ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Jakar nan tawa tana ƙusa. Makullin yana wurin mai burodi. Na hwaɗa maka ne kawai."

Ranar Litinin, ashirin da takwas ga Zulƙida, da hantsi, Issoufou ya kira ni. Ya ce Sabo ya fita tafiyarsa bayan asuba, ya dawo ya zauna a inuwar jirgin da raga a cinyarsa, masunta suna ta yi masa magana ba ya amsawa. Kwana talatin da ɗaya ya yi a can. Saura sati biyu da 'yan kwanaki a buɗe hanya.

Bandar ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi ta zirga-zirga kwana biyu. Amma mamaci ba takarda, ga Hajji ya ƙarato, ba yadda za a yi a shigo da shi. Aka ba da izinin a binne shi a maƙabartar da ke kusa da can.

Ni na je Misfala na karɓi makulli a wurin mai burodi. Ɗakin yana nan yadda ya bar shi, tabarma a naɗe, arabiyar a jingine da bango. Na sauke jakar daga ƙusa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ɗora ta a cinyata har Shu'aiba. Da muka zo shingen, masu shiga gari sun yi layi har ido ba ya ganin ƙarshensu, mu masu fita kuwa ko kallonmu ba a yi ba.

Mu goma sha ɗaya muka sallace shi: ni, da Bandar, da Issoufou, da masunta takwas. A Harami da dubu ɗaruruwa ne. Masuncin da ya yi mana limanci ya ce mini ƙasa duk ta Allah ce, kuma kowa inda aka rubuta masa nan zai kwanta. Na san haka ne, na yi imani da shi. Amma na kuma san hannun da ya buɗe littafin a kan bencin mai shayi.

Har yanzu ina zuwa. Maryama ta so in daina, Bandar ne ya ce a ƙyale ni, shi yake kai ni. Hanyar ta ƙaru, don daga rijiyar nakan zarce maƙabarta, kilomita ɗaya da rabi, in tsaya in yi masa addu'a, in faɗa masa ko masuntan sun kama. Yanzu na san sunayensu, na kuma san da birgi suke kamu. Kabarin ba alama sai dutse biyu, kuma wata tumfafiya ta fara tsirowa daga wajen ƙafafu. Issoufou ya ce zai cire ta, na ce ya bari.

Da na buɗe sabon littafi bana, na riƙe alƙalami a saman shafin farko na daɗe. Sai na kira Issoufou na tambaye shi nawa ga wata.